Ranar da apt ya ƙi madubin da na zaɓa da hannuna

Da daren wata Lahadi ƙanena ya turo mini hoton fuskar kwamfutarsa. A karkace ya ɗauke shi, hasken fitila ya cinye rabinsa, amma layin da ya tayar masa da hankali yana karantuwa. Ya buga `sudo apt update` kamar yadda na koya masa, umarnin da ke sa apt, shirin da ke girka manhajoji a kwamfutar, ya ɗauko sabon jerinsu. Layi biyu sun wuce lami lafiya, na uku ya tsaya da `Err` a gabansa, a ƙarƙashinsa ga lambobi biyu da suka ƙi zama ɗaya, sai kuma wannan tambaya da apt kan yi:

`File has unexpected size. Mirror sync in progress?`

Ban gama karantawa ba sai ga kiransa.

"Yaya, tun jiya take yi mini haka. Na bincika, na ga wani ya ce in ƙara `trusted=yes` a layin, wai shi ke nan za ta wuce. In sa?"

Na ce, "Kar ka sa. Kar ma ka buɗe fayil ɗin. Bar ta a kunne, yanzu zan shigo ta nesa mu duba tare."

Ni na ɗora masa Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, a kwamfutar nan, ni kuma na zauna na zaɓar masa madubi, wato wurin da apt zai riƙa ɗebo manhajoji, saboda a ranar da na gwada ya fi sauran sauri nesa ba kusa ba. Don haka tun daga farko na ɗauki matsalar a matsayin tawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne shawarar da ya tsinto. Kuskuren apt bai taɓa ba ni tsoro ba kamar yadda irin wannan shawara take ba ni, kuma dalilinta ne na zauna rubuta wannan.

Ga wanda bai saba ba, manhajojin Debian ba yawo ake yi ana tsinto su daga shafi zuwa shafi ba. Rumbu ɗaya ne babba da aka tara komai a ciki. Lokacin da Debian 12, wadda ake wa laƙabi da bookworm, ta fito ranar 10 ga Yuni, 2023, ƙunshin manhaja sama da 64,000 ta zo da su. Da a ce duk duniya daga wuri ɗaya za a riƙa ɗiba, da tuni wurin ya durƙushe. Shi ya sa jami'o'i da kamfanonin intanet da ƙungiyoyin sa-kai suke kwafe rumbun nan su ajiye a sabar tasu, wato manyan kwamfutocinsu da ke kan intanet, kowa ya ɗiba daga wanda ya fi kusa da shi. Wannan kwafin ake kira madubi, don abin da ke cikin asali shi ya kamata ka gani a cikinsa, ba ƙari ba ragi. Sai dai asalin ba a tsaye yake ba. Sau huɗu a rana ake sabunta shi, duk bayan awa shida, kowane madubi kuma sai ya bi sawu. Mafi yawan ciwon kan da ake samu da madubi a wannan bin sawun yake faruwa.

Da na shiga kwamfutar, ban fara da canza komai ba. Na fi so in ga da idona abin da apt ya gani har ya tsaya. Na ɗauko fayil ɗin da ake kira `InRelease` daga madubin, wanda ke zaune a `dists/bookworm/`, na karanta kansa. Kwanan watan da ke jiki na ranar Asabar ne, lambar fitowar ma sabuwa ce. Nan na tuna cewa a ƙarshen makon ne aka fitar da ƙaramin sabuntawa na bookworm, irin wanda akan yi kusan duk bayan wata biyu.

Wannan fayil shi ne tushen amanar da ke tsakaninka da rumbun, kuma duk wanda ya fahimce shi ya gama rabin aikin gyara. Masu kula da Debian suna sa masa hannu da mabuɗin sirri wanda su kaɗai ke riƙe da shi. Kwamfutarka kuma tun ranar da aka girka ta take ɗauke da abokin wannan mabuɗi, wanda da shi take gane sa hannun na gaske ne. A cikin `InRelease` an jera sunayen fayilolin da ke ɗauke da jerin manhajoji, kowanne da girmansa da zanen yatsansa, wato wata doguwar lamba mai haruffa 64 da ake fitarwa ta hanyar SHA256, wadda ko harafi ɗaya aka taɓa a cikin fayil sai ta canza gaba ɗaya. Su kuma waɗannan fayiloli, masu suna `Packages`, suna ɗauke da zanen yatsan kowane ƙunshi da za ka sauke. Sarƙa ce ta shaida, na sama yana shaidar na ƙasa da shi, har zuwa kan manhajar da za ta shiga kwamfutarka. Tun fitowar Debian 4.0 a 2007 apt yake bin wannan sarƙa. Amfaninta shi ne ba sai ka san mai madubi ba, ba sai ka yarda da shi ba. Ko ya so ya yi maka cushe ba zai iya ba, don ba shi da mabuɗin sa hannu.

Sai na gwada mataki na biyu da hannu. Na nemo layin `main/binary-amd64/Packages.xz` a cikin `InRelease`, na kwafe girman da zanen yatsan da aka rubuta. Daga nan na sauke shi kansa fayil ɗin daga madubin na bi da shi ta `sha256sum`. Na jera lambobin biyu, ɗaya a kan ɗaya, na ce wa ƙanena ya karanto mini haruffa shidan farko na kowacce. Ya karanto na sama, ya fara na ƙasa, sai ya yi shiru.

"Yaya, ai tun daga harafin farko ba su yi kama ba."

Abin da apt ya gani ke nan. Takardar shaida sabuwa ce, kayan da take shaida kuma tsofaffi ne. Madubin ya fara kwafo sabon abu, ya ɗauko `InRelease`, ya tsaya a hanya kafin ya kai ga sauran. A nan na nuna masa cewa `trusted=yes` ɗin da aka ba shi ko wannan matsalar ba zai warware ba. Aikinsa shi ne ya ce wa apt ya daina damuwa da sa hannu, alhali sa hannun nan lafiyarsa lau, abin da ke ƙasa da shi ne bai dace ba. Da ya sa, kuskuren zai ci gaba da fitowa, ya koma neman wata dabara, wancan kuma ya manta da shi a cikin fayil ya kwana shekaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina so a gane girman wannan tsagar. Ƙunshin manhaja ba fayiloli ne kawai da ake zubawa a faifai ba. Da yawansu suna zuwa da 'yan umarni da ake gudanarwa lokacin girkawa, kuma da cikakken ikon mai gida ake gudanar da su, wato root. Wanda ya iya sa ka girka ƙunshin da ya ga dama ya mallaki kwamfutarka gaba ɗaya, da kalmomin sirrinka da hotunanka da duk abin da ke ciki. Abin da ya tsaya tsakaninka da wannan shi ne sa hannun da apt yake dubawa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana raba `trusted=yes` da `--allow-unauthenticated` kamar maganin kowace cuta, ga mutanen da ba a gaya musu abin da suke bayarwa ba. Ƙin da apt yake yi ba taurin kai ba ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma shi ma abin da ya zaɓa ke nan.

In madubi yana tsakiyar kwafowa ne da gaske, haƙurin rabin awa ko awa ɗaya ya isa, ka sake gwadawa ka tarar komai ya daidaita. Amma wannan ya kwana ya wuni a haka. Don in tabbatar, na leƙa wani lungu da mutane da yawa ba su san da shi ba. Kowane madubin Debian yana da babban fayil mai suna `project/trace/`, ana iya buɗe shi ko da burauza. A ciki akwai ƙananan fayiloli masu ɗauke da sunayen sabar da kayan suka ratso ta cikinsu, kowanne da lokacin da ya gama kwafowa na ƙarshe. A madubin da na zaɓa, kwanan wata mafi sabunta na kafin fitowar ranar Asabar ne. Wani abin kuma, babu fayil mai sunan madubin kansa. Wannan ya nuna mini ba da ftpsync ake tafiyar da shi ba, wato shirin da Debian ta tanada don wannan aiki. Shi ftpsync hawa biyu yake yi. Ya fara kwaso manhajojin da ke `pool` tukuna, sai ya tabbatar sun sauka sannan ya ɗauko jerin sunayensu da ke `dists`. Wanda ya saki rsync, shirin kwafar fayiloli, haka kawai a hawa ɗaya, abin yakan zo masa a juye, don `dists` ya riga `pool` a jerin haruffa. Jeri ya iso, kaya ba su iso ba. In aka yi rashin sa'a aikin ya katse a tsakiya, haka madubin zai zauna rabi sabo rabi tsoho har sai wani ya lura.

Akwai ma wata dabara da aka ƙara wa apt tun wajen 2016 don rage irin wannan karo. Maimakon ya nemi fayil da sunansa, sai ya neme shi da zanen yatsansa a ƙarƙashin `by-hash`, ta yadda tsoho da sabo za su iya zama tare ba tare da an rikita su ba. Ta rage matsalar ƙwarai. Amma in sabon bai iso madubin ba sam, apt ya nema bai samu ba, sai ya koma neman sunan da aka saba, ya ci karo da tsohon.

Gyaran kansa bai kai minti biyar ba. Na ajiye kwafin `/etc/apt/sources.list`, fayil ɗin da ke ɗauke da adireshin madubi, a gefe, na mayar da layukan haka:

```
deb http://deb.debian.org/debian bookworm main contrib non-free-firmware
deb http://deb.debian.org/debian bookworm-updates main contrib non-free-firmware
deb http://security.debian.org/debian-security bookworm-security main contrib non-free-firmware
```

Shi `deb.debian.org` ba madubi ɗaya ba ne da ke zaune a gari ɗaya. Yana kan hanyar rarraba kaya ta kamfanin Fastly ne, duk inda kake sai a ba ka daga wurin da ya fi kusa da kai. Daga nan na share tsofaffin jerin da apt ya tara, da `sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*`, na sake buga `apt update`. Layuka suka zubo ba tangarɗa. Share wannan wuri ba shi da illa, don apt zai sake cika shi. Sai dai a natsu wajen buga shi, a karanta sau biyu kafin a danna. Maƙwabcinsa `/var/lib/dpkg` shi ne kundin duk abin da aka girka a kwamfutar, in ya tafi an shiga uku.

Da a ce kullum laifin madubi ne, da aikin ya zo da sauƙi. Wanda ya fi wahalar da ni a rayuwata ba laifin kowane madubi ba ne. A wani wurin aiki ne da na taɓa zama, duk kwamfutar da na taɓa sai ta ce `Hash Sum mismatch`. Na canza madubi, haka. Na sake canzawa zuwa na wata ƙasa daban, haka. Na share jeri ya fi a ƙirga. Kwana biyu ina wannan zagaye kafin hankalina ya ba ni cewa madubi uku a ƙasashe uku ba za su lalace rana ɗaya, ta fuska ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na cire wayar ofis na jona kwamfutar da intanet ɗin wayata, nan take komai ya wuce. Ashe a bakin hanyar fita ta ofishin an dasa wata na'ura mai tsayawa a tsakani, tana ajiye kwafin duk abin da aka sauke don a rage cin data. In ka nemi fayil sai ta miƙo maka wanda ta ajiye tun shekaranjiya, tana ganin ai sunan ɗaya ne. Ba wanda ya sa ta a saitin kwamfuta, ba ka ganinta, amma duk abin da ya bi ta http sai ya ratsa ta hannunta.

Gwajin da ya tona ta mai sauƙi ne, kuma har yau shi nake fara yi in na yi zargin haka. Ka sauke fayil ɗaya daga madubi ɗaya sau biyu, sau ɗaya ta http, sau ɗaya ta https, ka gwama zanen yatsansu. In suka bambanta, akwai mai sa hannu a tsakani. Mayar da layukan zuwa https ya raba ni da ita, don ba ta iya leƙa abin da aka rufe balle ta musanya shi. Tun Debian 10 apt yake jin https da kansa ba sai an ƙara masa wani ƙunshi ba, muddin `ca-certificates` na nan. Amma kar wannan ya sa a ɗauka https ne ke tabbatar da ingancin manhaja. Sa hannun ne ke yin wannan, shi ya sa http ma bai zama haɗari ba a nan. Abin da https ya ƙara shi ne hana 'yan tsakiya shisshigi. Ɗan'uwan wannan matsala shi ne intanet ɗin da sai ka buɗe burauza ka shiga da suna kafin a sake ka. A nan apt yakan nemi `InRelease` a miƙo masa shafin shiga, sai ya yi ƙorafi da kalmar `NOSPLIT`, har ya tambaye ka ko hanyar tana buƙatar izini. Buɗe burauza ka shiga, shi ke nan.

Sai agogo. Wannan kam ba wanda yake kawo shi a ransa. Ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur da nake ajiye fayiloli a ciki, na kashe ta na wasu makonni, da na kunna sai apt ya ce fayil ɗin `Release` ɗin `is not valid yet`, har da lissafin kwanakin da suka rage kafin ya fara aiki. A ganinsa takardar daga gobe ta zo. Na buga `timedatectl` na ga kwamfutar tana rayuwa a shekarun baya. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon uwa, CR2032, shi ne ya mutu, agogo ya koma inda masana'anta suka bar shi. Na kunna daidaita lokaci da `timedatectl set-ntp true`, washegari na canza batir. Yawancin ƙananan kwamfutocin nan na Raspberry Pi ba su ma da irin wannan agogo, sai sun hau intanet suke sanin ƙarfe nawa, don haka in ka yi saurin buga `apt update` da zarar sun tashi kana iya cin karo da wannan.

Kishiyarsa ita ce in apt ya ce fayil ɗin `is expired`. A nan ko dai agogonka ya yi gaba, ko kuma madubin ne ya daskare. Kuma daskararren madubi shi ne wanda na fi tsoro a cikinsu duka, don shi ba ya ihu. Komai nasa ya dace da juna, sa hannu na gaske ne, zanen yatsa daidai, sai dai duk na watan jiya ne. Ka buga `apt upgrade` a ce maka babu sabon abu, ka kwanta da murna, alhali an toshe ramuka da dama a asali kai ba ka samu ba. Don maganin wannan ne ake sa wa wasu fayilolin `Release` wa'adi, a layin `Valid-Until`. Na sashen tsaro kimanin mako guda ne, in ya wuce ba a sabunta ba apt ya ƙi karɓa. Nan ma akwai masu ba da shawarar a kashe wannan dubawa. Kashe ta daidai yake da cire ƙararrawa saboda tana damunka da ƙara. Ni dai layin tsaro ba na kai shi wani madubi komai saurinsa, kai tsaye nake barinsa a `security.debian.org`.

Kuskuren 404 ya fi kowanne yawa, kuma sau da yawa ya fi kowanne sauƙi. In `apt install` ne ya kawo shi, galibi jerin da ke kwamfutarka ne ya tsufa, kana neman fitowar da aka riga aka maye gurbinta. `apt update` ya wadatar. In kuwa `apt update` ɗin ne da kansa yake cewa rumbun ba shi da fayil ɗin `Release`, to duba shekarun abin da kake gudanarwa. A Ubuntu, wadda aka gina a kan Debian, fitowar tsaka-tsaki wata tara kawai ake kula da ita, masu dogon zango ne ke kai shekara biyar. In wa'adi ya cika ana kwashe kayan daga madubai a mayar `old-releases.ubuntu.com`. Debian tana mayar da nata `archive.debian.org`. Masu CentOS 7, wani nau'in Linux ɗin, sun ga irin wannan bayan 30 ga Yuni, 2024, lokacin da adireshin da ke raba musu madubai ya daina amsawa, sai `vault.centos.org` ya rage. Waɗannan wurare gada ce ta tsallakawa zuwa sabuwar fitowa. Ba a gina gida a kan gada, don babu mai sake toshe wani rami a cikinsu. A nan ne kaɗai nake yarda a kashe duba wa'adi, a kan wannan layi ɗaya tak, na ɗan lokacin da za a ƙaura.

Wani abin da na koya da wuya shi ne rubuta laƙabin fitowa maimakon kalmar `stable`. Ita wannan kalma tafiya take yi. Ranar 9 ga Agusta, 2025, da Debian 13 ta fito, `stable` ta tashi daga bookworm ta koma trixie. Wanda ya rubuta ta a fayil ɗinsa ya wayi gari apt yana gaya masa laƙabin rumbu ya canza, sai ya amince a fili kafin a ci gaba. In ya amince bai karanta ba, ya fara ƙaura zuwa sabuwar fitowa ba da shiri ba. Haka nan kwafo layuka daga tsofaffin rubuce-rubuce yana jawo wahala. Har zuwa Debian 10 layin tsaro `buster/updates` ake rubuta shi, daga Debian 11 a 2021 ya koma `bullseye-security`. Masu Ubuntu 24.04 kuma in sun buɗe `sources.list` za su tarar kusan ba komai, don layukan sun koma `/etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources` da sabon fasali.

Maganar mabuɗi ta fi fitowa a rumbunan waje, irin waɗanda kamfani kan ce ka ƙara don ka samu manhajarsa. `NO_PUBKEY` yana nufin ba ka da mabuɗin da za a gane sa hannun da shi, `EXPKEYSIG` kuma wa'adin mabuɗin ne ya ƙare. A da `apt-key` ake amfani da shi, wanda ke zuba kowane mabuɗi a tukunya ɗaya, ta yadda mabuɗin wani ƙaramin rumbu zai iya shaidar komai, har da abin da ya yi iƙirarin daga Debian yake. An yi watsi da wannan hanya, kuma ya dace. Yanzu ka ɗauko mabuɗin daga shafin masu manhajar, ka ajiye shi a `/etc/apt/keyrings/`, ka ɗaure shi da layinsa kaɗai ta hanyar `signed-by`.

Sauran ƙananan abubuwa ne. `Temporary failure resolving` ba ruwansa da madubi, kwamfutarka ce ta kasa mayar da suna zuwa adireshi, a can za ka nemi gyara. In apt ya maƙale a sifili cikin ɗari yana ƙoƙarin kaiwa ga wani dogon adireshi mai ɗigo bibbiyu, hanyar IPv6 ɗinka ce ba ta kai, gwada `-o Acquire::ForceIPv4=true` ka gani. In duk ka rasa gane abin da ke faruwa, `-o Debug::Acquire::http=true` zai nuna maka kowace tambaya da apt ya yi da amsar da aka ba shi. Sauran dangin Linux ma da irin wannan suke fama, sunaye ne suka bambanta. Fedora tana da metalink, mai ba dnf, takwaran apt a can, jerin madubai tare da zanen yatsan `repomd.xml` na yanzu, don ya tsallake wanda ya tsufa da kansa. A Arch kuwa jerin yana `/etc/pacman.d/mirrorlist`, kuma wani shiri mai suna reflector yana iya tace maka waɗanda suka kwafo kwanan nan. A can daskararren madubi ya fi ciwo, don komai kullum cikin tafiya yake.

Bayan mun gama da kwamfutar ƙanena a daren nan, ban ji daɗin in juya wa madubin baya kawai in tafi ba. Masu irin wannan aiki kyauta suke yi. Su sayi faifai mai ɗaukar terabait da dama, su biya kuɗin layi, su tashi tsakar dare in abu ya lalace, kuma mafi yawan masu ɗiba ba su ma san da su ba. Shekara biyu madubin nan yana yi mana hidima ba mu taɓa cewa an gode ba. Kuma na san akwai wasu da ke can suna kallon kuskure irin namu, wataƙila wani ma ya riga ya sa `trusted=yes`. Na nemo adireshin mai kula da shi a shafinsu na farko, na rubuta masa gajeren saƙo. Na fara da godiya, na sa ainihin layin kuskuren, da lambobin nan biyu da suka ƙi dacewa, da kwanan watan da na gani a `project/trace/`, da lokacin da na yi gwajin a agogon UTC. Na ƙara da cewa ftpsync zai iya raba su da irin wannan.

Ranar Laraba amsa ta zo, layi uku. Ya ce faifansu ne ya cika a tsakiyar kwafowa, sun ƙara wuri, sun kuma sake tsarin. Na buɗe `project/trace/` na ga sabon fayil mai sunan madubin, da lokacin safiyar ranar a jikinsa. Na sake gwama zanen yatsan `Packages.xz` da na cikin `InRelease`, suka zo ɗaya harafi da harafi. Na mayar da kwamfutar teburina kansa, don har yanzu ya fi mini sauri kuma ni ina leƙa wancan lungu lokaci-lokaci. Ta ƙanena kuwa na bar ta a `deb.debian.org`, tunda shi kullum tana cikin jakarsa, yau ya jona a nan gobe a can.